Yadda ake kiwon tsuntsu mai sheƙar yawu a Malesiya da Indonesiya, mataki-mataki

Tambayar nan ta yi yawa, kusan kullum sai wani ya turo min bidiyon wani dogon gini mara taga, tsuntsaye suna ta tururuwar shiga da magariba, sai a ce malam ya ake wannan sana'ar, nawa ake zubawa, za a iya yi a Kano ko Maraɗi? Toh bari in amsa gaba ɗaya yau kowa ya huta.

Ta ƙarshen zan fara amsawa: ba a yi a wajenmu. Tsuntsun da ake cin sheƙarsa wani ɗan ƙaramin jinsin tsattsewa ne da yake rayuwa a kudu maso gabashin Asiya, wato Indonesiya, Malesiya, Tailan, Biyetnam da maƙwabtansu, can suna ce masa walet ko walit, kuma da yawunsa zalla yake gina sheƙar, ta bushe ta yi fari kamar an saƙa ta da siririyar taliya. Tsattsewarmu da kake gani a ƙarƙashin gada ko a jikin ganyen giginya gashi da ciyayi take liƙawa, babu mai saye. Don haka duk wanda ya ce zai sayar maka da ƙwai ko "sautin kira" ka je ka yi a gida, kuɗinka yake so. Wannan bayanin na 'yan'uwanmu ne da suke zaune a can, ko masu shirin haɗa jari da ɗan ƙasa.

Sai abu na biyu da za ka sa a ranka. Tsuntsayen nan ba naka ba ne, ba ka saye su ba, ba ka ba su abinci, ba ka kulle su. Kai mai gidan haya ne kawai, ka gina ka gyara ka zauna jira, in ɗan haya ya ga gidan ya yi masa sai ya tare ya dinga biyanka da yawunsa, in bai yi masa ba ya wuce gidan maƙwabcinka kuma babu kotun da za ka kai shi.

1. Takarda kafin bulo

A Indonesiya baƙo ba ya mallakar fili mallaka ta dindindin, na 'yan ƙasa ne, sai dai ka bi ta kamfanin jarin waje mai rajista. A Malesiya ma akwai filayen da aka keɓe wa Malayu waɗanda baƙo ba ya saya, kuma takardar zama ta ɗalibi ba ta kasuwanci ba ce. Ka nemi lauya tun farko. Bayan maganar fili sai izinin ƙaramar hukuma na gini da na sana'ar, sannan rajistar gidan da hukumar dabbobi, a Malesiya ta yamma sashen likitocin dabbobi na gwamnati ne, a jihohin Sabah da Sarawak na gabashin ƙasar kuma dokar namun daji tasu daban ce. A Indonesiya ƙananan hukumomi suna karɓar harajin sheƙa, doka ta ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100.

Gargaɗi: kar ka sayi fili da sunan aboki bisa yarda da amana kawai, ranar da gida ya cika da tsuntsu ko abokin ya rasu magada suka taso, takarda ita ce za ta yi magana. Kuma ka bincika ko unguwar an yarda a yi, a tsohon garin George Town na jihar Penang a Malesiya sai da aka kori gidajen tsuntsun gaba ɗaya bayan hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa garin cikin wuraren tarihi a 2008.

Masu tambayar halacci: majalisar malamai ta Indonesiya, MUI, ta ba da fatawa a 2012 cewa sheƙar halal ce, kiwon ma ya halatta, sai dai in kashi ya taɓa ta a wanke kafin a ci.

2. Gwajin wuri

Nan ne sana'ar take ci ko ta faɗi, kuma nan mutane suka fi gaggawa. Tsuntsun ƙwari yake kamawa a iska, saboda haka kana son wuri kusa da gonakin shinkafa, gonakin kwakwar manja, kogi, fadama ko bakin daji. Amma ganin shuke-shuke kaɗai bai isa ba, sai ka gwada.

Kayan gwajin ba su da tsada: ƙaramar amfilifaya, batir, sifika mai ƙarar sama guda biyu ko uku, memori mai kukan tsuntsun, da doguwar sanda ko gora. Ka ɗaure sifikun a kan gorar ka ɗaga sama ka kunna, da sassafe ko daga bayan la'asar zuwa magariba lokacin da suke komawa makwanci. In akwai su a yankin ba za ka daɗe ba za ka ga ɗaya ya zo ya zagaya, sai biyu, sai kawai ka ga sun taru suna shawagi a kan gorar, wasu har suna kawo wa sifikar sura kamar za su taɓa ta. Ka lura da fuka-fukin, dogaye ne sirara, jikin ruwan toka mai duhu, kuma ba sa sauka a kan waya ko reshe, duk wanda ka ga ya zauna a kan wayar lantarki ba shi ba ne. Akwai wani ɗan'uwansa da Indonesiyawa ke ce wa seriti, cikinsa fari bayansa mai sheƙi, shi ciyayi yake haɗawa a sheƙarsa, kar ka ƙirga da shi.

Ka maimaita gwajin kwanaki daban-daban, a lokacin ruwa da lokacin da ruwa ya ɗauke, ka rubuta adadi da kuma ta wane ɓangare suke bi in za su koma da yamma, don ta nan za ka juya ƙofa.

Gargaɗi: wurin da gidajen tsuntsu suka yi cunkoso yana ruɗin sabon shiga, kana ganin dubbai a sama amma duk masu gida ne, kuma tsuntsun da ya riga ya kafa sheƙa ba ya barinta haka kawai. Matasan da suka tashi bana su kake nema, kuma ku da yawa kuke nemansu. Gefen irin wannan gari a kan hanyar komawarsu ya fi tsakiyarsa a ganina.

3. Ginin kansa

Abin da ake kwaikwayo kogon dutse ne: duhu, sanyi-sanyi, danshi, babu iska mai kaɗawa. Yawanci ana yin hawa biyu zuwa huɗu, ƙarami kamar mita 4 a 8, tsayin kowane hawa mita biyu da rabi zuwa uku. Na bulo da kankare ya fi riƙe sanyi kuma ya fi wuyar fasawa, a ƙauyukan Kalimantan na Indonesiya kuma za ka ga na katako da aka lulluɓe da kwano aka sa soso mai hana zafi a ciki, ya fi araha amma ya fi neman kulawa.

A can sama ana ɗora wani ƙaramin ɗaki da suke ce wa ɗakin biri, a jikinsa ake huda ƙofar tsuntsu, faɗinta kamar santimita 40 zuwa 80. Daga nan tsuntsu ya shiga ɗakin zagaye, wani fili ne babu komai inda zai yi shawagi ya saba, sai rami da ya ratsa benaye zuwa ƙasa, sannan ɗakunan sheƙa waɗanda aka raba da bango don haske ya mutu kafin ya isa ciki. Duhu ba ya damunsa, da wani ƙas-ƙas da yake yi da baki yake gane hanya, in ka tsaya a ciki za ka ji shi.

A bango ana sa bututun roba mai lanƙwasa ƙasa don iska ta shiga haske bai shiga ba, a rufe bakinsa da raga. Ƙofar mutum kuwa ɗaya tak, ta ƙarfe, mai kauri.

Gargaɗi: kar bishiya ko wani gini ya tare gaban ƙofar tsuntsu, da gudu suke shigowa. Kuma kar hanyar ciki ta yi kwana-kwana da yawa, sabon tsuntsu matsoraci ne, in bai ga hanyar fita a sauƙaƙe ba ba zai kwana ba.

4. Katakon silin

A jikin wannan katakon ake liƙa sheƙa, saboda haka kar ka yi masa rowa. Falanki ne mai kaurin kamar santimita 2, faɗi 15 zuwa 20, ana kafa shi a silin yana rataye a tsaye, layi-layi, tsakani kamar santimita 30 zuwa 40. Itacen meranti aka fi amfani da shi don ba shi da wari kuma farcen tsuntsu yana kama shi. A sa kafinta ya zana masa siraran layuka a jiki don tsuntsu ya sami abin maƙalewa.

Ya bushe sosai kafin a kafa, kuma ya manne da silin babu rata, rata ita ce gidan kyankyaso da kuɗin cizo, iska ma tana bi ta nan. Tsuntsun yana son kusurwa, amma sheƙar kusurwa tana fitowa da siffar kwana uku kuma kuɗinta bai kai na mai siffar ƙoƙo ba, shi ya sa masu gida suke toshe kusurwoyi da guntun katako. Ni dai shawarata a sabon gida ka bar musu wasu kusurwoyin su fara zama tukuna, in sun yi yawa ka toshe.

Gargaɗi: ba fenti, ba maganin gara mai wari, ba ɗanyen katako.

5. Zafi da danshi

Abin da ake nema zafi tsakanin digiri 26 da 29, danshi kashi 80 zuwa 90. Ka sayi na'urar auna zafi da danshi ka rataya a kowane hawa, ba ta da tsada. Danshi ana samar da shi da ƙananan kwatami ko bahon ruwa a ƙasa, ko injin feshin hazo da aka haɗa da na'urar da ke kunna shi tana kashewa da kanta.

In wuri ya bushe sheƙa ba ta kama katako da kyau, tana yin sirara tana tsagewa. In danshi ya wuce kima kuma katako ya yi fumfuna, tsuntsu ya ƙaurace masa, sheƙar ta yi rawaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a juya bakin injin hazo yana fesa katako kai tsaye, ko a bar shi yana aiki dare da rana lokacin damina.

6. Sauti

Sauti kala uku ne kuma kowanne da aikinsa. Na kira yana waje, a kan rufi da bakin ƙofa, shi ke jawo su daga nesa. Na ja yana bin hanya daga ƙofa har ɗakin sheƙa, sifika bayan sifika, kowacce tana fuskantar inda tsuntsu zai fito. Na kwana kuma ƙananan sifiku ne masu yawa a jikin katakon silin, suna fitar da kukan 'ya'ya da na iyaye a hankali, don baƙon tsuntsu ya ɗauka gidan da 'yan'uwansa a ciki. Na kwana ba a kashe shi dare da rana, na waje kuma a sa masa taima, ya tashi da asuba ya mutu bayan magariba.

Ka sa amfilifaya biyu suna karɓa-karɓa, da batir ko sola saboda ɗaukewar wuta. In sifika ta fara ƙara mai tsatsa ka canza ta, sauti mara kyau korarsu yake. Kuma sautin da ya yi aiki a wani gari ba lallai ya yi a naka ba, ka gwada biyu uku ka ga wanda suka fi bi, in ka samu ka daina canje-canje.

Gargaɗi: ƙure ƙara ba ya ƙara tsuntsu, maƙwabta kawai yake tara maka, kuma ƙorafinsu yana iya sa a rufe gida. A Biyetnam har doka aka yi a 2020, ƙarar kada ta wuce desibel 70 a ma'aunin ƙara kuma ba a kunnawa bayan ƙarfe 7 na yamma.

7. Buɗe gida da jira

Sabon gini yana warin siminti, sai a wanke bango da ƙasa a bar shi ya sha iska har warin ya tafi. Sannan a samo busasshen kashin tsuntsun daga wani tsohon gida a barbaɗa a ƙasa, wasu suna jiƙa shi su shafa ruwan a bango, amma ban da katako. Akwai kuma sheƙar roba da ake mannawa nan da can don matasa su sami wurin farawa. Lokacin da ya fi dacewa a kunna sauti shi ne gab da damina, ƙwari sun yi yawa, matasa suna neman wuri.

Daga nan sai haƙuri. Alamar farko ɗigon kashi ne a ƙasa, baƙi da fari, a ƙarƙashin wata sifika, ma'ana wani ya kwana. Bayan nan ka haska katakon za ka ga wani siririn layi mai ƙyalli kamar an shafa gam, harsashin sheƙa ke nan. Wani gidan cikin makonni yake samun wannan, wani sai watanni, wani kuma shekaru suna wucewa yana nan fanko, kuma irinsu suna da yawa a Malesiya da Indonesiya, masu bidiyo ne dai ba sa nunawa.

Gargaɗi: kar ka dinga shiga kullum kana haske-haske. Sau ɗaya a sati biyu ko a wata ya isa, da hantsi in sun fita kiwo, ka fito kafin la'asar. In kana son kallo ka sa kyamara.

8. Maƙiya

Mujiya ce babba, guda ɗaya in ta gane ƙofa tana iya watsa gida, alamarta gashin tsuntsu a ƙasa da wani dunƙulen amai mai ƙashi. Ana sa fitila a wajen ƙofa da dare, da ƙusoshi ko waya a bakin ƙofar don ta rasa wurin sauka, wasu suna sa ƙofa mai rufe kanta bayan isha ta buɗe kafin asuba. Sai ɓera, da wata ƙatuwar tsaka da suke ce wa tokek mai shan ƙwai, da maciji, da jemage. Kyankyaso yana cin sheƙar kanta, tururuwa tana kashe 'ya'ya. Ka sare duk reshen da ya taɓa gini, ka toshe ramuka, maganin ƙwari kuma mara wari, a ƙasa da bango kawai.

Sai ɓarawo ɗan Adam, wanda shi a dare ɗaya zai kankare komai har masu ƙwai da 'ya'ya. Mai gadi amintacce da zaman lafiya da mutanen ƙauyen sun fi kowane kwaɗo.

9. Girbi

Ka san lissafin tsuntsun tukuna. Gina sheƙa yana ɗaukarsa wata ɗaya zuwa wata ɗaya da rabi, macen ta yi ƙwai biyu, kwanci sati uku da 'yan kwanaki, 'ya'ya kuma su yi kamar sati shida kafin su tashi. A shekara suna iya zagayowa sau uku.

Girbi iri uku ake yi. Akwai cirewa kafin a yi ƙwai, sheƙar fara tas amma ka takura tsuntsu. Akwai cirewa a zubar da ƙwai, wannan kashe gida ne da hannunka. Sai cirewa bayan 'ya'ya sun tashi, sheƙar ta fi datti da gashi amma yawan tsuntsu yana ƙaruwa, kuma ga sabon gida wannan kaɗai zan ce ka yi. Shekarar farko ma da za ka daure ka ƙyale su gaba ɗaya ya fi.

Kayan aiki: tsani, tocilar goshi, madubi a kan sanda, gorar fesa ruwa, siririyar wuƙar kankare fenti, kwando, da takunkumi saboda ƙurar kashi. Ka fara leƙa cikin sheƙa da madubi, in da ƙwai ko ɗa ka wuce. In babu, ka fesa ruwa kaɗan a ƙafafun sheƙar inda ta kama katako, ka jira ta yi laushi, ka zura wuƙa a hankali ta bayanta, ɗaya hannun yana tallafe da ita. In ka yi gaggawa ta karye, kuma karyayya kuɗinta ya faɗi. Kar ka share ɗaki guda kaf a rana ɗaya.

Ka dinga kwashe kashin ƙasa a kai a kai in gida ya fara cika. Daga tururin kashin nan sinadarin naitirait yake shiga sheƙa, shi ne ma yake mayar da ita ja, jar sheƙar da ake cewa wai jinin tsuntsu ce ba jini ba ne.

10. Bushewa da tsefewa

A shanya a inuwa gaban fanka, ba a rana ba, kar kuma a ƙulle ta a leda da danshi. Sannan a ware: mai ƙoƙo, ta kusurwa, karyayya, da gari. Yawancin masu gida a nan suke tsayawa su sayar da ita ɗanya.

Tsefewa sana'a ce daban. Ana jiƙa sheƙa da ruwa mai tsafta ta yi laushi, ma'aikaciya ta zauna gaban farin faranti da fitila da matsefata tana zare gashi ɗaya bayan ɗaya, har wanda ya fi gashin ido ƙanƙanta, sannan a mayar da ita kan wani ƙoƙon roba ta koma siffarta a busar. Aikin yana cin ido da lokaci kuma nauyi yana raguwa, ka sa wannan a lissafi kafin farashin wankakkiya ya ruɗe ka.

Gargaɗi: kar ka yarda a sa mata sinadarin faranta kaya ko gam don ƙara nauyi. In kuma saye kake ka sayar, ka sani ana algus da ƙaro, da wani farin naman kaza, har da fatar alade.

11. Kasuwa da lissafin kuɗi

Chaina ce babbar kasuwa, Indonesiya kuma ita ke fitar da mafi yawan sheƙar duniya, sama da tan dubu a shekara. Amma ba a ɗaukar kaya a jaka a kai Chaina. A 2011 ta rufe ƙofa saboda naitirait da aka samu a jar sheƙa, farashi ya rushe a Malesiya, masu bashin banki suka ji jiki. Da aka buɗe sai da sharuɗa: naitirait kada ya wuce miligiram 30 a kilo, a turara kayan har cikinsu ya kai digiri 70, masana'antar wanki ta zama mai rajista da kwastan ɗin Chaina, kuma a iya bin sawun kowace sheƙa zuwa gidan da ta fito. Shi ya sa rajistar mataki na 1 take da amfani, gida mara rajista dillalai ne kawai za su saya kuma yadda suka ga dama. Kasuwa ta fi motsi gab da sabuwar shekarar Chaina.

Wajen kashe kuɗi, fili da gini su ke cinye mafi yawa, na kankare mai hawa uku a Malesiya maganar ɗaruruwan dubban ringgit ake, a Indonesiya ɗaruruwan miliyoyin rupiya. Katako ke biye, sannan sauti da injin danshi da kyamara. Na wata-wata ba shi da yawa, wuta, ruwa, mai gadi, gyaran sifiku.

Wajen shiga kuma ga yadda za ka auna. Sheƙa ɗaya giram 6 zuwa 10 ce, wato sai ka tara sama da ɗari kafin ka cika kilo. A ce kana da sheƙa 300 kuma ka girbe kowacce sau uku, 900 ke nan, kilo bakwai zuwa takwas a shekara. Ɗanya a hannun dillali kilo yana kamawa daga ɗaruruwan dala zuwa sama da dubu, gwargwadon siffa da fari da yawan gashi da yanayin kasuwar shekarar, dubban dalolin da kake gani a bidiyo farashin wankakkiya ne a kanti. Kuma kafin gida ya kai sheƙa 300 ana iya shekara biyu, uku, ko fiye, don haka kuɗin da za ka zuba ya zama wanda ba za ka neme shi ba a wannan tsakanin, ba bashi mai wa'adi ba.

Ranar sayarwa ka je da sikelinka mai auna giram, ka ware kayanka da kanka kafin dillali ya zo don kar ya haɗa masu ƙoƙo da karyayyu ya yi musu kuɗi ɗaya, ka tambayi farashi wajen mutum biyu ko uku, kuma ku yi magana a kan nawa zai cire na danshi kafin a ɗora a sikeli.